Baƙin ɗigo a cikin farar ƙwayar jini: shin maleriya na shiga sojojin jiki?

Tambaya, daga wata ɗaliba mai koyon aikin gwajin jini a wani asibiti a Jos:

"Malam, barka da aiki. Na duba jinin wani yaro ɗan shekara uku da aka kawo da zazzaɓi mai zafi. Na ga ƙwayoyin maleriya a cikin jajayen ƙwayoyin jini kamar yadda aka koya mana, amma kuma na ga wasu baƙaƙen ɗige-ɗige a cikin fararen. Ashe maleriya tana shiga sojojin jiki ta zauna, irin yadda ƙwayar ƙanjamau ke yi? Ko shi ya sa mutum ba ya rabuwa da ita, ya warke yau ta dawo gobe?"

Amsa:

Barka kadai ƙanwata, Allah ya ƙara basira. Idonki ya gane miki daidai, kuma da yawa daga masu duba gilashi tsallake wannan suke yi don hankalinsu na kan ƙirga ƙwayoyin cuta. Sai dai maleriya ba gida ta yi a wurin ba. A jikin ɗan Adam wuri biyu kaɗai take zama ta ci ta hayayyafa: ƙwayar hanta da jar ƙwayar jini. Tsakaninta da sojojin jiki kuwa ɗayan biyu ne, ko ta huda su ta ratsa ta wuce, ko su cafke ta su haɗiye. Baƙin da kika gani ragowar wadda aka haɗiye ce.

Zaton naki yana da tushe, don akwai cututtukan da ke yin haka. Ƙwayar ƙanjamau tana shiga farar ƙwaya mai alamar CD4 ta mayar da ita wurin haihuwarta. Ƙwayar tarin fuka tana rayuwa a cikin makurofej, wato babbar farar ƙwayar nan mai haɗiye duk wani baƙon abu. Har cikin dangin maleriya akwai masu yi. Tileriya, wadda kaska ke sa wa shanu, tana shiga fararen ƙwayoyin jinin saniya ta sa su yi ta rabuwa ba ƙaƙƙautawa. Maleriyar kaji ma a cikin makurofej take yin zangonta na farko. In kin leƙa Vom wata rana, ki tambayi likitocin dabbobi na cibiyar binciken da ke can, wannan fagensu ne. Amma falsifarum, nau'in maleriyar nan mai haddasa mafi yawan zazzaɓin da muke gani a Najeriya, wata hanya ta bi daban.

Bari mu bi ta tun daga fata. Idan macen sauro ta ciji mutum, ba cikin jijiya take zuba cutar kai tsaye ba. A cikin fata take tofar da ita tare da yawunta, a siffar da ake kira sifirozoyit, siririya mai ɗan lanƙwasa, tsawonta kamar maikuromita 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ba su da yawa, galibi gommai ne zuwa ɗari da wani abu. Ba su da ƙafa ba su da wutsiya, sulalewa suke yi, suna cin maikuromita 1 zuwa 2 a daƙiƙa, gudun da ya fi ƙarfin fararen ƙwayoyin da ke gadin fata. A 2006 masu bincike a Cibiyar Pasteur ta birnin Paris suka sa wa sifirozoyit sinadari mai walƙiya suka ɗauki bidiyonsu a kunnen ɓera mai rai. Wasu suka sami jijiyar jini suka faɗa, wasu suka maƙale a fata, wasu kuma suka bi magudanar ruwan jiki suka ƙare a kaluluwa mafi kusa, inda wasu fararen ƙwayoyi masu rassa suka haɗiye su. Waɗannan na kaluluwa sun hallaka, amma daga gawarsu jiki ke fara sanin kamannin abokin gaba.

Yanzu ga shigar da ta fi kama da abin da kike tambaya. A 2001 Maria Mota da abokan aikinta a birnin New York suka nuna cewa sifirozoyit na iya huda fatar ƙwayar halitta, ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan, ba tare da ta tsaya ba. Ƙwayar da aka ratsa wani lokaci takan ɗinke raunin ta rayu, wani lokaci ta mutu. Akwai furotin na musamman da take wannan aiki da su, irin su SPECT da PLP1 da CelTOS. Shi PLP1 ɗin dangin makamin da sojojin jikinmu ke huda ƙwayoyin cuta da shi ne, ga shi a hannun cutar.

A bakin hanta wannan baiwa ke yi mata rana. Ƙananan hanyoyin jinin hanta cike suke da makurofej masu zaman dindindin, waɗanda ake kira ƙwayoyin Kupffer, da sunan Bajamushen da ya bayyana su a 1876. Aikinsu tace duk abin da jini ya kwaso. Dole sifirozoyit ta wuce ta gabansu kafin ta kai ga naman hanta. An daɗe ana muhawara a kan wannan. Wasu masana suka ce ƙwayar Kupffer ita ce ƙofar, ta cikinta ake shiga, don an ga sifirozoyit a cikinta da rai, har an nuna cewa furotin ɗin da ya lulluɓe jikinta, CSP, yana hana Kupffer fesa gubar da take ƙona abin da ta kama. A 2004 kuma Tomoko Ishino da Masao Yuda a Japan suka yi wani gwaji mai kyau. Suka cire wa cutar SPECT, sai ta kusa kasa kama hanta. Suka dawo suka kawar da ƙwayoyin Kupffer daga jikin ɓerayen, sai ga gurguwar cutar ta kama hanta lafiya lau. A 2013 aka sake ɗaukar bidiyo a Paris, aka ga hanya ba ɗaya ba ce: wasu ta cikin Kupffer suke bi, wasu ta bangon jijiya, wasu ta tsakani. Waɗanda ba su iya hudawa kuwa Kupffer na kama su ta narkar. Ni a ganina bayanin da ya fi zama shi ne, hudawar nan hanyar kuɓuta ce daga bakin mai haɗiya. Ki riƙe cewa yawancin wannan aiki da maleriyar ɓeraye aka yi shi, don ba a leƙa hantar mutum mai rai da madubi, ko da yake falsifarum ma tana da waɗannan furotin kuma an ga tana ratsa ƙwayoyin mutum a ɗakin gwaji.

Bayan ta ratsa ƙwayoyin hanta kaɗan, sai ta zaɓi guda ta shiga ta wata siga dabam. Wannan karon ba ta yaga fatar ƙwayar. Turawa take yi a hankali har fatar ta lulluɓe ta ta zama 'yar jaka, a ciki take zama. Shigar zama ke nan, kuma ita ce ba ta yi wa farar ƙwayar jini. Cikin kwana 6 zuwa 7 guda ɗaya ta zama dubun-dubatan 'ya'ya da ake kira merozoyit, mutum yana ta harkokinsa ko ciwon kai babu. Wajen fita ma sai sun sake wucewa ta gaban Kupffer. A 2006 masu bincike a Hamburg ta Jamus suka gano cewa a dunƙule suke fita, naɗe cikin fatar ƙwayar hantar da suka cinye. Ƙwayar da ke mutuwa takan fito da wata alama a bayanta mai kiran makurofej su zo su kwashe ta, su kuwa sai su danne wannan alama. Kupffer ta ga fatar gida, ta bar su su wuce.

Wannan ɗan tsakani, daga fata zuwa hanta, shi ne lokacin da cutar ta fi ƙaranci, shi ya sa alluran rigakafin biyu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, RTS,S a 2021 da R21 a 2023, duk CSP suka nufa. R21 ce Najeriya ta fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024.

A jini, merozoyit ba ta da lokacin ɓatawa, don a fili take, antibodi, wato furotin ɗin da jiki ke ƙerawa don ya manne wa baƙon abu, na iya kama ta. Cikin kamar minti ɗaya ta manne wa jar ƙwaya, ta juya kanta, ta kama makama ta shige. Makamai da yawa take amfani da su, in an toshe wannan ta koma wancan, sai guda da ba ta da madadinsa, wato haɗuwar furotin ɗinta RH5 da basijin na jikin jar ƙwaya, wanda aka gano a 2011. Farar ƙwaya ba ta cikin lissafinta, don abincinta himogulobin ne, sinadarin da ke sa jini ja, kuma a jar ƙwaya yake. Ga wata riba kuma. Kusan kowace ƙwayar jiki mai cibiya tana baje samfurin abin da ke cikinta a bayanta don sojojin jiki su duba. Jar ƙwayar da ta balaga ba ta da cibiya, ba ta wannan baje-koli. A nan cutar ke kwana biyu, awa 48, ta fashe ƙwayar ta fito da sababbi 16 zuwa 32.

Abin da take tsoro shi ne saifa. Jini na bi ta wasu 'yan tsaga a cikin saifa waɗanda sai jar ƙwaya mai laushi ke iya matsewa ta wuce. Wadda cuta ta girma a cikinta ta yi tauri, sai ta maƙale, makurofej na jira. Don kauce wa haka falsifarum ke tura wani furotin mai danƙo, PfEMP1, zuwa bayan jar ƙwayar, ya manna ta a bangon ƙananan jijiyoyi, ta daina yawo. In a ƙwaƙwalwa ta manne, shi ne yaron da ake kawo muku yana jijjiga ko ya suma. In a mabiyiya ce, shi ne mai cikin fari da jininta ke ƙarewa, jaririn ya zo ba nauyi. Jiki kan yi antibodi a kan wannan furotin, amma cutar tana da ƙwayoyin gado kusan 60 na yin sa, guda take nunawa a lokaci ɗaya, da an gane shi ta sauya. Akwai kuma wani dangin furotin, RIFIN, da masana a Osaka suka nuna a 2017 cewa wasunsu na taɓa makamar da ke ce wa farar ƙwaya ta dakata, wai wannan na gida ne.

Duk da haka ana kama da yawa, kuma nan muka iso gilashinki. Monosayit da makurofej da niyutirofil, dukkansu nau'o'in fararen ƙwayoyi, suna haɗiye jar ƙwaya mai cuta ɗungurungum, ko dai ta hanyar makamar CD36 ga wanda bai da rigakafi, ko kuma, wanda ya fi sauri, in antibodi ya riga ya shafe ta. Suna haɗiye merozoyit da tarkacen da ya watsu bayan fashewa. Cutar tana mutuwa a ciki, naman ya narke. Abu ɗaya ne ba ya narkewa.

Lokacin da cutar ke cin himogulobin, takan cinye kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na wanda ke cikin ƙwayar. Abin da ke saura shi ne hem, sinadarin nan mai ƙarfe, wanda guba ne gare ta. Sai ta daskarar da shi ya zama ƙananan duwatsu masu launin baƙi-baƙi zuwa ruwan ƙasa. Sunansu hemozoyin. Kulorokwin wannan daskararwar yake hanawa, cutar ta mutu da gubar abincinta, kafin ta koyi fitar da maganin har Najeriya ta sauya zuwa haɗin atemisinin a 2005. Wannan baƙin ne ma Laveran, likitan sojan Faransa, yake bin sawu a jinin marasa lafiya a Kustantina ta Aljeriya har ya ga ƙwayar cutar da idonsa a 1880.

Kin san akuyar da ta ci leda a bola. Ciki ya cika tim, ba ta narkar ba, ba ta fitar ba, ga ciyawa a gabanta amma ba wurin sa ta, sai rama. Haka makurofej ke zama in ta cika da hemozoyin. Evelin Schwarzer da Paolo Arese a Turin ta Italiya sun nuna a 1992 cewa monosayit da ta haɗiyi wannan baƙi tana nan da rai, amma ba ta iya sake haɗiya yadda ya kamata, kuma feshin gubarta ya mutu. Daga baya aka ga har nuna wa sauran sojoji samfurin abin da ta kama yana raguwa. A 1999 wasu a Oxford suka nuna cewa jajayen ƙwayoyi masu cuta, in sun yi yawa, suna hana fararen ƙwayoyi masu rassa balaga, alhali su ne masu koya wa sauran sojoji wanda za su yaƙa.

Kafin ta kai ga wannan kasala, farar ƙwayar takan yi kururuwa. Hemozoyin da guntayen gadon cutar da ke manne da shi, da wani maiƙo na jikinta, suna sa ta saki sinadaran kiran taimako irin su TNF da IL-1. Su ne ke zuwa ƙwaƙwalwa su ɗaga zafin jiki. Rawar ɗari da zafi da gumin da mai maleriya ke yi duk amsar jikinsa ce ga fashewar da ta auku, shi ya sa zazzaɓin kan zo ya lafa ya dawo.

Raunin garkuwar da ke biyo baya, a ƙasar nan aka auna shi tun da wuri. Brian Greenwood da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun wallafa a 1972 cewa yaran da ke cikin zazzaɓin maleriya ba sa yin antibodi sosai in an yi musu rigakafin tetanus. A 1978 suka nuna cewa amsar jiki ga rigakafin sanƙarau na nan a raunane har wata guda bayan ciwon. Kada wani ya ɗauki wannan hujjar ƙin kai yaro rigakafi, hujja ce ta a yi maganin maleriyar da wuri. A Gambiya an ga niyutirofil na yara na kasa fesa guba har mako 8 bayan zazzaɓi, kuma an daɗe da sanin cewa yaran da ke fama da maleriya mai tsanani sun fi kamuwa da salmonela a jini, musamman irin da ba ta taifot ba. Kansar muƙamuƙin yara da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958 ma tana bin yankunan da maleriya ta yi katutu, inda ta haɗu da ƙwayar cutar Epstein-Barr. Sannan saifar da ta fusata ba ta tsayawa kan masu cuta kaɗai. An ƙiyasta cewa a kan kowace jar ƙwaya mai cuta, kimanin lafiyayyu 8 ke salwanta. Shi ya sa za ki ga ƙwayar cuta kaɗan a gilashi, amma tafin hannun yaro fari fat.

Bambancinta da ƙanjamau a fili yake. Ƙanjamau na cinye sojojin ne a hankali har su ƙare in ba a sha magani ba. Maleriya gajiyar da su take yi ta rikita su, in an kashe ta ɓargo ya ƙero sababbi, garkuwa ta farfaɗo.

Batun dawowa kuwa, falsifarum ba ta da siffar da ke kwanciya barci a hanta. Bibaks da obale, wasu nau'o'in maleriya dabam, su ne ke da wannan. Idan zazzaɓin falsifarum ya dawo, ko dai sabon cizo ne, ko maganin bai kashe ta duka ba: an sha na kwana ɗaya an ji sauƙi an ajiye, ko awon bai kai nauyin mutum ba, ko jabu aka saya. Wani lokacin ma ba maleriya ba ce tun farko, an dai shiga kemis an ce a ba da na zazzaɓi. Rigakafin da jiki ke ginawa kuma a hankali yake zuwa, don sai ya ga fuskokin PfEMP1 iri-iri shekara da shekaru. Aikin binciken maleriya na Garki, ta Jigawa ba ta Abuja ba, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi daga 1969 zuwa 1976, ya nuna ƙananan yara ne ke ɗauke da cutar da yawa, manya kuwa kaɗan. A Gambiya a 1961 an tace antibodi daga jinin manya aka ba yara masu zazzaɓi, cutar ta ragu ƙwarai. Wannan rigakafi yana hana ciwo ya yi tsanani, ba ya hana kamuwa, kuma yana dusashewa in mutum ya daɗe ba a cije shi ba. Mutane ma ba ɗaya suke ba. Mai AS yana da kariya babba daga maleriya mai tsanani, kuma wani bincike a Burkina Faso a 1996 ya sami Fulani da ƙarancin cutar da yawan antibodi fiye da maƙwabtansu Mosi, alhali sauro ɗaya ke cizonsu.

Mu nan Jos, tudun da muke kai, kimanin mita 1,200, da sanyinmu suna rage saurin girman cutar a cikin sauro. Amma kududdufan da haƙar kuza ta bari da lambunan rani suna ba sauro wurin haihuwa, kuma mutanenmu kullum suna kan hanyar Shendam da Lafiya da Abuja. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2024 ya ƙiyasta cewa a 2023 an sami kamuwa miliyan 263 da mutuwa 597,000 a duniya, kusan kashi 31 cikin 100 na mamatan a Najeriya.

Koma kan gilashinki. Da farko ki tabbatar hemozoyin ne, ba dattin rini ba. Dattin rinin Jimsa shuɗi ne zuwa shunayya, yana warwatse ko'ina, a kan ƙwayoyi da tsakaninsu, in kin murɗa madubi kaɗan za ki ga a sama yake yawo. Hemozoyin yana cikin ruwan ƙwayar, a gefen cibiya, baƙi mai ratsin ruwan zuma, wani lokaci a dunƙule. Ki tace rininki, awon pH na ruwan haɗinsa ya tsaya a 7.2, ki duba a shafi siriri da ɗigon mai.

Sannan ki lura da wace farar ƙwaya ce. Niyutirofil ba ta daɗewa a jini, don haka baƙi a cikinta labarin kwana biyu ko ukun nan ne, alamar cuta mai yawa ta fashe kwanan nan. Monosayit ta fi daɗewa, tana iya ɗauke da shi fiye da mako, har bayan an warke. Ki ƙirga niyutirofil 100. In fiye da 5 na da baƙi, alama ce ta ciwo mai tsanani, ko da ƙwayoyin cutar da kika ƙirga ba su da yawa, don manyan suna manne a jijiyoyi inda allurarki ba ta kai ba. Haka in kin ga cutar da ta girma, mai baƙi a cikinta, tana yawo a jinin yatsa.

Takardar sakamako ba ta da gurbin wannan, amma ki rubuta shi da hannu a ƙasa, ki haɗa da awon yawan jini da na sukari in an nema, kuma kada ki jira a zo karɓa. Ki kai wa likita da kanki ko ki kira shi. Yaro ɗan shekara uku mai irin wannan gilashi, in har da kasa zama ko kasa shan nono da ruwa ko numfashi sama-sama, allurar atesunet yake bukata nan take, kuma likita zai so ya duba ko akwai wata ƙwayar cutar a jinin tare da ita.